Inda Yaya Yake Tsayawa

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Rana ta faɗa bayan ginin maƙwabta, tsakar gida ta yi duhu-duhu, Umma tana kwashe shanya tana ninkewa a kan hannunta. Abba, wanda ya yi shekara da shekaru yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya, yana zaune a baranda da jarida a cinya. Ya daina karantawa tun da haske ya ragu, amma bai ajiye ba. Gidan ya saba da shiru tun rasuwar Yaya a farkon shekarar. Ba wai an daina magana ba ne. Ana tambayar ina makulli, ana cewa ruwa ya zo. Abin da ya wuce wannan ne aka daina.

Auta tana ɗakin Yaya, kamar kullum a irin wannan lokaci. Yaya haɗa kiɗa yake yi da kwamfuta, shi ne sana'arsa, kuma shi ya koya wa ƙanwarsa har ta fara karɓar aiki nata na kanta. Ya liƙe bangon ɗakin da baƙin soso don kada sauti ya fita ko ya shigo, ta yadda in mutum ya shiga sai ya ji kamar an toshe masa kunne da auduga. A kan tebur akwai kwamfuta, da sifika biyu, da wata na'ura shimfiɗaɗɗiya kamar faranti, mai maɓallan murɗawa guda takwas a jere.

Maɓallan nan ba irin na rediyo ba ne. Na rediyo yana da farko yana da ƙarshe, yana da ɗan zane a jikinsa da ke nuna inda aka tsaya. In mai rediyo ya mutu, za a tarar da maɓallin a inda hannunsa ya bar shi. Na Yaya kuwa babu zane, babu inda suke tokarewa. Mutum zai yi ta murɗawa har ya gaji, ko da lambar da ke fuskar kwamfuta ta kai maƙura ta tsaya, maɓallin bai san an kai ba. Yaya ya sha yaba su. Ya ce ba sa ƙas-ƙas irin na masu araha, sumul suke tafiya da ɗan nauyi, kamar ana juya cokali a cikin zuma. In an murɗa da sauri lamba ta yi tsalle, in an bi a hankali sai ta riƙa motsawa da kaurin gashi. Ya ce kunne ne mai hukunci, amma yatsu ne masu kai ƙara.

Ya bar waƙa ɗaya da ya rera da bakinsa. Komai nata ya kammala, sai abu guda da ya saba barin sa ƙarshe: yawan ƙarfin muryar a cikin kiɗan. Wannan a maɓalli na uku yake. Aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya, kuma Auta ta iya. Wata da watanni ke nan tana yin sa.

A wannan yammacin ta cire hannu don ta murza ido, sai ta ga lambar tana ci gaba da tafiya. Ta dubi maɓallin. Yana juyawa a hankali, da natsuwa irin ta wanda ya san aikin. Ba ta tashi ba, ba ta kira kowa ba. Ta zauna tana kallo kamar yadda ake kallon famfo yana ɗiga. Can sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin kwano. Wata ta biyo baya. Ta ukun a kan teburin ta sauka, tsakanin sifika biyun, ƙofa a rufe, taga a rufe. Da Auta ta ɗauka sai ta ji ta da ɗumi.

Abba ya ce ƙura ce ta shiga na'urar, jifan kuma yaran unguwa ne. Da aka ce masa ai tsakuwar a cikin ɗaki ta faɗo, ya ce to, wannan yana buƙatar ƙarin nazari. Ya koma ga jaridarsa a cikin duhu.

Daga ranar abin ya zama da lokacinsa. Da zarar haske ya fara tafiya sai jifa ya fara, ba da yawa ba, jefi-jefi, kuma Umma ta lura ya fi zuwa in an ja kujera ko an saki cokali. Aka cire wayar sifika daga bango, amma wanda ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin yakan ji wani abu yana fitowa daga cikinsu, ba magana ba, kamar mutum ya riƙe numfashi ya daɗe sannan ya sake shi. Maƙwabta suka fara gaisuwa daga nesa. A cikin gidan kuwa tsoron bai samu wurin zama sosai ba, don an riga an cika ko'ina da wani abu da ya fi shi nauyi. Umma takan share tsakuwar da safe ta zuba a gindin katanga.

Yatsun Auta ne suka tayar da hankali. Wata rana ta shiga kicin ta ɗaga murfin tukunya da hannu tsirara, ta tsaya tana leƙa cikin tukunyar, murfin a hannunta, har sai da Umma ta ji ƙauri ta buge hannun. Babban yatsa da manuni da na tsakiya sun tashi fari fat. Auta ta dube su kamar na wani ne. Ta ce ba ta ji komai ba. Da aka matsa mata ta ce ta daɗe ba ta jin su, ba zafi ba sanyi, ko allura ta riƙe sai ta duba kafin ta san tana riƙe da ita. Aikin da aka ba ta a waje duk ta mayar, don hannun da ba ya jin nauyin maɓalli ba ya aiki, sai dai ya yi ta wuce gona da iri.

Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya ce jijiyoyinta lafiya lau, ya ba da shawarar hutu. Abba ya yaba da ilimin likitan, ya dawo gida ya kulle na'urar a akwatin motarsa.

Da magariba ta yi, Auta ta tashi daga inda take zaune, idonta a buɗe amma babu kowa a ciki, ta shiga neman abin murɗawa. Ta fara da rediyon Abba, ta murɗa har ya tokare, ta ci gaba har maɓallin ya fita a hannunta. Ta je famfon tsakar gida ta yi masa haka, ruwa ya yi ta feshi. Umma ta same ta a gaban murhun gas, ta riga ta karya maɓalli ɗaya, kicin ya cika da wari. Ba ta yi kokawa ba da aka janye ta, yatsun dai suna ta juyi a iska. Abba ya tsaya a jiƙe yana kallon famfon, sannan ya ɗauko makullin mota. Na'urar, in ji shi, ita ce abu ɗaya a gidan da ba za ta iya karyawa ba.

Haka aka koma. Kullum da faɗuwar rana ta shiga ɗakin ta zauna, ta kama maɓalli na uku da yatsun da suka ƙone, ta yi ta murɗawa gaba da baya har duhu ya gama shiga, sannan ta kife kai a tebur. Ƙunar ba ta samu damar warkewa ba. Umma ta naɗe yatsun da bandeji, da yamma a tarar an warware shi an ninke a gefe. Ciwon ya fara ruwa, ya fara sauya launi, likita ya ce in ba a bar hannun ya huta ba, zai yi maganar da ba za a so ji ba.

Gwaggo, yayar Abba, ita ta zo da Malam. Ba ta nemi izini ba, ta dai sanar. Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce a fito da kujera.

Malam dattijo ne siriri mai tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda aka san shi da karatu da kuma rashin gaggawa. Ya iso da sauran rana. Bai tambayi mafarki ko maƙiya ba. Ya nemi a nuna masa na'urar, ya sa Auta ta yi masa bayanin maɓallin, ya murɗa da kansa har ya daɗe, ya ce lallai akwai daɗin hannu. Sannan ya zauna a kujera kusa da tebur, Umma da Gwaggo a ƙasa jikin bango, Abba a tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

Da hasken taga ya fara ja, hannun Auta ya tashi ya kama maɓallin. Malam ya fara karatu. Sosan bango yana shanye muryarsa, sai ta zama kamar daga cikin rijiya take fitowa. An daɗe a haka. Auta ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba, har Gwaggo, wadda ta zo da shirin danne mutum, ta ɗan ji an ƙware ta. Sai bakin yarinyar ya buɗe, wata murya ta fito, ta namiji, tsohuwa, mai ladabi da gajiya.

"Malam, a ɗan rage. Ina aiki."

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, kuma me ya kawo shi. Muryar ta ce babu abin da ya kawo shi, shi aka tarar. A kusurwar ɗakin nan yake tun kafin a liƙa soso, kuma da aka liƙa ya ji daɗi, don bai taɓa samun wuri mai shiru haka ba. Jifan ma don a yi shiru yake yi, mutanen gidan sun cika jan kujera. Malam ya ce jifan kwano ba hanyar samun shiru ba ce. Muryar ta ce ta lura da hakan daga baya.

Sai ya faɗi buƙatarsa. Ya ce ya daɗe yana kallon saurayin nan mai ɗakin. Kullum da yamma zai kama wannan abu ya yi ta juyawa a hankali, a hankali, can sai ya tsaya, ya saki numfashi, ya ce nan ne. Shi kuwa ya ga abubuwa da yawa da ɗan Adam ya ƙera, kowanne yana da inda yake tokarewa, ban da wannan. Babu zane, babu tudu, babu rami. To ta yaya yaron yake gane wurin? Ya so ya tambaye shi, sai aka wayi gari yaron bai dawo ba. Ya gwada juyawa da kansa, amma irinsu ba sa jin taɓi. Shi ya sa ya ari yatsun yarinyar.

"Aro ne," in ji shi. "In na samu wurin zan mayar."

"Ka samu?"

"Ko'ina iri ɗaya ne."

Nan ne Abba, wanda ya yi rayuwarsa ba ya iya jin kuskure ya ƙyale, ya gyara murya daga bakin ƙofa. Ya ce ai dole ko'ina ya zama iri ɗaya, domin wurin ba a jikin maɓallin yake ba. Maɓallin bai san inda yake ba, abin da aka ƙara ko aka rage kawai yake isarwa. Wanda yake neman wurin da yatsu ɓata lokaci yake yi, kunne ne yake gane shi. Bayani ne mai kyau, babu kuskure a cikinsa ko ɗaya.

Hannun Auta ya tsaya cak. Kanta ya karkata gefe a hankali.

"Kunne," in ji muryar. "Na gode, maigida."

Umma ta kira Auta. Ta sake kira da ƙarfi, ta tafa hannu kusa da kunnenta. Ko ƙifta ido yarinyar ba ta yi ba.

"Maigida," in ji Malam, bai juyo ba, "a taimaka mana da shiru."

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta tashi. Jikin Auta ya ɗauki rawa, gumi ya keto mata. Muryar ta ce tana jin zafin karatun, ba ta musu, amma shi tsoho ne, ya iya haƙuri, kuma Malam ya dubi hannun nan ya faɗa wa kansa gaskiya wa zai riga wani gajiya. Malam ya dubi hannun. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Sannan ya tambaye shi, in ya ɗauki kunnen ma bai samu ba fa? Muryar ta ce sai ya gwada ido. Malam ya ce haka zai bi yarinyar gaɓa-gaɓa har ta ƙare, kuma ba zai samu ba, don shi bai san waƙar ba, bai san mai waƙar ba sai daga kusurwa. Ya ce ga abin da ya fi: ya sakar mata yatsunta da kunnenta, ya koma gefe ya saurara, ita ta nemo wurin. In ta tsaya, ya ga abin da ya zo gani, sai ya bar gidan.

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ita? Ai a kan juyi na same ta. Tun kafin in taɓa ta take kaiwa tana komowa, ba ta taɓa tsayawa ba. Ni ban fara komai ba, Malam, hannu na sa a kan nata."

Babu wanda ya ce ƙarya ne. Umma ta sunkuyar da kai.

Suka yi ciniki. Shi ya ce ya yarda, amma in duhu ya gama shiga ba ta tsaya ba, yatsu da kunne sun zama nasa, ba aro ba. Gwaggo ta ce ba da ita ba. Malam ya ce ba a cinikin hannun mutum ba ya nan, a ba shi yarinyar ya tambaye ta. Kafaɗun Auta suka sauka, ta ja numfashi ta haƙora, ta dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Malam ya maimaita mata sharaɗin. Ta dubi taga, sauran haske kaɗan ne. Ta ce a mayar da wayar sifika. Abba ne ya durƙusa ya mayar.

Kiɗan ya tashi. Ta sa yatsu a maɓallin ta murɗa dama, muryar Yaya ta fito daga ƙarƙashin kiɗan tana matsowa. Ta ƙara. Ta ƙara har aka ji jan numfashinsa tsakanin baiti da baiti, da ɗan ƙarar leɓensa, kamar yana zaune a kujerar nan ya juya baya kawai. Umma ta toshe baki da mayafi. Abba ya shigo da ɗayar ƙafar. A nan Auta ta daɗe. Nan take zuwa kullum. Amma kowa a ɗakin, har Gwaggo da ba ta san komai a kiɗa ba, yana jin ba daidai ba ne: muryar ta danne komai, ta yi kauri, ta tsaya ita kaɗai ba waƙa a bayanta.

Taga ta zama toka-toka.

Ta fara komawa hagu. Ba da sauri ba, don kada lambar ta yi tsalle. Da kaurin gashi, da kaurin gashi, tana jin ɗan nauyin maɓallin a cikin ɗanyen ciwo, ta riƙa mayar da yayanta baya. Numfashinsa ya ɓace tukuna. Sannan kiɗan ya taso ya kewaye shi, ya koma can tsakiya, nesa kaɗan, inda ake jin kowace kalma amma ba a jin mutum a ɗakin. Ta ɗan wuce, ta dawo. Ta tsaya. Ta ɗaga yatsun daga maɓallin ta ajiye hannun a cinya.

"Nan," ta ce.

Waƙar ta ci gaba da tafiya. Sai bakin nata ya sake motsawa, tsohuwar muryar ta fito, a hankali.

"Ta yaya kika san nan ne?"

"Ban sani ba," in ji Auta da muryarta. "Hannu na cire."

"Shi ma haka yake yi?"

"Ina jin haka."

Sannan muryar ta ce da ya san wannan ne da bai wahalar da mutane ba. Ya ce wa Malam alkawari alkawari ne, a buɗe masa ƙofa sosai, ba don yana buƙata ba, sai don ya daɗe a ɗakin, ba ya so ya fita kamar ɓarawo. Abba ya matsa gefe ya buɗe ƙofar har ta bugi bango. Ba a ga komai ba. Labulen baranda ya ɗan motsa, abin da labule yake yi ko babu dalili. Auta ta yi atishawa, ta miƙa hannun hagu ta danna abin da ke adana aiki, ta jira waƙar ta kai ƙarshe, ta kashe kwamfutar.

Malam ya yi addu'a gajeriya, ya ce a kai hannun wurin likita da safe, ya ƙi tsayawa cin abinci. Abba ya raka shi har titi, a hanya yana bayyana masa yadda gajiya da baƙin ciki suke iya sa mutum ya yi magana da wata murya. Malam ya ce haka ne, yana yiwuwa ƙwarai. Suka yi sallama da mutunci.

A tsakar gida Umma ta kunna fitila, ta zaunar da Auta a kan tabarma, ta ɗauko ruwan ɗumi da auduga da magani. Ta ɗora hannun a gwiwarta ta fara wanke babban yatsan. Auta ta fisge, ta ja iska.

"Umma, da zafi."

"Alhamdulillahi," in ji Umma. Ta sake kamo hannun, ta ci gaba da wankewa, ba ta sassauta ba.